Tutar Baba Tsalle

Sannunku da hutawa 'yan group. Admin, useko, ina roƙonka, ka cire sunana, don a unguwar Barade ko karnuka sun san muryata. Don Allah ku ba ni shawara, zagin kuma ku ajiye shi zuwa ƙarshe, na san yana zuwa.

Lokacin da aka ba mu jiha, ko'ina a Jalingo aikin hanya ake yi, ni kuma ina da shekara ashirin da ɗaya, na gudu daga form two, na samu tifa ina kai wa wani kamfani yashi a hanyar Kona. A bakin wurin aikin akwai wani lebura mai riƙe jar tuta, zan kira shi Baba Markus. Aikinsa ke nan, in ya ɗaga ka tsaya, in ya sauke ka wuce. Mutum ne mai tsoron mota kamar kaza, ni kuma Allah ya yi ni da neman magana. In na juye yashi zan fita empty, sai in nufo shi da gudu, in danna hon, sai dab da shi in taka burki, iska ta yi tsss, shi kuma ya yi tsalle cikin kwalbati. Leburori su yi ta dariya. Ni na sa masa Baba Tsalle. Kullum sai ya karkaɗe wando ya ce yarona, wannan abu ba wasa ba ne, ni kuma in ce Baba exercise ne, kyauta nake ba ka.

Ran nan sai na yi wasan da lodi. Jiƙaƙƙen yashi daga rafi, ga gangara. Duk direba ya san burkin mota empty daban, na mai kaya daban, ni ma na sani, amma 'yan mata masu sayar da kunu suna wurin. Na taka, mota ta ƙi ji. Taya ta hau ƙafarsa ta hagu, kansa ya bugi durom na kwalta.

Ni na kai shi asibiti a tifar. Da foman ya tare ni, na ce tuta a ƙasa take, kuma tun safe ina jin warin burkutu a bakinsa. Leburorin da suka gani suka yi shiru, kowa na tsoron aikinsa. Aka yanke ƙafa, aka kore shi, dattawan cocinsu suka cire shi daga ƙungiyar mawaƙa saboda sha. Mutumin da ko kunu ya yi tsami ba ya taɓawa. Matarsa ta yi ta faɗa da shi wai ya kunyata ta, ta kwashe yara ta koma Iware. Shi kuma bai tuna komai na ranar, abin da aka gaya masa kawai ya riƙe, wai ya bugu, ni na cece shi.

Yanzu yana gyaran takalma a bakin layinmu. Mai ƙafa ɗaya yana gyaran takalma, har wannan ma na tsokane shi a kai, ya yi dariya. In na wuce sai ya ce ga mai cetona, kuma bai taɓa yarda na biya shi ɗinki ba. Har yau yara Baba Tsalle suke kiransa, ba su san daga ina sunan ya fito ba.

Satin da ya wuce ya kira ni ɗakinsa, jiki ya ƙi, ya ciro tutar daga ƙarƙashin katifa, ta koɗe. Ya ce babban ɗansa har yau ba ya zuwa, wai ba ya gaida mashayi. Ya ce yarona, kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suke wurin, ran Lahadi zan sa a kira min ɗan nawa, ka zo ka faɗa a gabansa, na ɗaga ko ban ɗaga ba? Ko ban ɗaga ba ka faɗa, zan roƙi gafara in huta.

Na ce Baba sai na duba diary, ya yi dariya har da tari.

To jama'a ya zan yi? In na ce bai ɗaga ba, zai mutu yana gode min. In na faɗi gaskiya ɗansa zai dawo, amma ɗan nan soja ne, ni kuma ina da yara huɗu a layin nan. Kada wani ya ce min wataƙila na manta. Na gan ta. Da hannu biyu ya ɗaga ta, har yana ɗage a kan yatsun ƙafar da na taka.