Kwalbar da Zurab Ya Kawo Ranar Arba'in

Zuwa ga Rakiya,

Gaisuwa da kewa. Na san ba za ki karanta wannan ba, shi ya sa ma na samu ƙarfin halin rubutawa.

Gida lafiya. 'Yarmu Nana ta koma makaranta, har yanzu da Turanci take amsa mini. Hajiya Zinaru na aiko tuwo duk Juma'a, ina ci don kada ta ji haushi. Tun da kika tafi komai kamar takarda yake a bakina.

Kin tuna Zurab, tsohon nan ɗan ƙasar Jojiya da muke ɗaukar kaya tare a siton da ke titin Wendover? Ashe su ma suna yin arba'in. Ranar sadakarki ya shigo falo cike da Alhazai, rungume da kwalbar jar giyar inabi ta ƙasarsu. Ya ba ni haƙuri wai mai araha ce, amma irinta mahaifinsa ke matsawa a tulu. A wajensu ana ɗiga wa burodi kaɗan, a sha saura da sunan mamaci. Na karɓa da hannu biyu, don ban iya kunyata mutumin da ya zo yana hawaye saboda ke ba. Na ɓoye ta bayan buhun shinkafa, da niyyar zubarwa.

Rakiya, ban zubar ba. Ranar Lahadin da ta wuce da la'asar na ɗiga wa burodi, na kira sunanki, na kurɓa. Shekara hamsin da biyu ban taɓa ba.

Da ma ɗaci na ji, da na yi istigfari na huta. Sai na ji ɗan bauri kamar na goro, da tsami-tsami irin na zoɓonki idan ya kwana. Ta yi mini daɗi. Abu na farko ke nan da na ji ɗanɗanonsa a wata biyu, kuma haram ne. Wa zan gaya wa? Liman? Nana, da nake tayar da ita kullum don sallar asuba?

Saura rabi. Sau uku ina kai ta bakin famfo ina dawowa da ita. Ina tsoron Allah, ina kuma tsoron bakina ya sake mutuwa. Ke ce mai ƙwace abu daga hannuna ba tare da shawara ba, yanzu kuwa ba mai ƙwacewa.

Allah Ya haskaka kabarinki, ni kuma Ya dube ni. Idan mun haɗu, ki fara da faɗan kafin gaisuwa. Zan tsaya in ji shi har ƙarshe.

Mijinki,
Isuhu, Glenwood