Surukata ta roƙe ni in hana a gwada jikana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni tsohuwa ce, ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ɗiyar maƙwabciyata ce ke rubuta abin da nake faɗa a wayarta, na kuma roƙi mai kula da zauren ta ɓoye sunana. Ku dai sani muna wani ƙauye tsakanin Tasawa da Urafan. Don girman Allah ku ji ni har ƙarshe ku ba ni shawara, in magana ta karkace ku yi haƙuri, ina faɗa ne ina kuka.

Mijina mahauci ne, Allah ya jiƙan sa. Mun haifi tara, huɗu sun koma tun suna ƙanana, kuma ciwo guda ne ya ɗauke su. Hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ɗorawa, yaro ya yi ta ihu yana cewa ana sara masa ƙashi. Mu a lokacin sanyi muke ce da shi, a kai wa wanzami, a ba da jiƙo, a gasa jiki da tsumma. Sai da ɗana, wanda ke koyarwa a Maraɗi, ya haifi ɗansa na fari ciwon ya dawo mana, sannan na ji sunansa, amosanin jini, su a likita emasi suke cewa.

Yara biyu gare su, duk maza. Babban shi ne marar lafiyar, ya kai sha uku. Ƙaramin an haife shi shekarar da mijina ya rasu, aka mayar masa da sunan, don haka ba na iya kama sunansa, Maigida nake ce masa. Shi lafiyarsa lau. Da za a yaye shi aka kawo mini, ubansa ya ce a gaban dangi, “Inna, ga abokin hira. Ba aro na ba ki ba, naki ne.” Tun ran nan tare muke kwana tare muke tashi, ƙwarya ɗaya muke sha. Ban da shi da ɗakin nan ya cinye ni.

Bana ciwon babban ya yi tsanani, ya daɗe a kwance, an ƙara masa jini, yanzu ƙugunsa ya taɓu, da sanda yake tafiya. Da aka yi hutun lakwal ɗana ya zo da su duka. Ya zaunar da ni ya ce akwai magani da ake yi a ƙasar waje, ana ɗibar ɓargon ɗan'uwa mai lafiya a zuba wa marar lafiya, in Allah ya sa ya kama, ciwon ya tafi ke nan. Amma sai an fara gwadawa a ga ko ɓargon nasu ya dace, kuma Maigida ne kaɗai ɗan'uwan da yake da shi uwa ɗaya uba ɗaya. Ni matar mahauci ce, na san ɓargo ba ya fita sai an fasa ƙashi, na kuwa faɗa masa haka. Ɗana ya lallashe ni, ya ce gwajin jini ne kawai za a ɗiba a hannu a Yamai a aika, in ma ya dace da allura ake zuƙo ɓargon ta ƙugu yaro yana barci, kuma yana sake tsirowa. Ya ce abokan aikinsa da wata ƙungiya sun yi alkawarin tsaya masa. Sannan ya ce shi ya ba ni yaron nan da bakinsa, ba zai ɗaga shi daga ɗakina ba sai na ce to. Na ce ya ba ni lokaci, amma wallahi a zuciyata na kusa yarda.

Washegari ina bayan rumbu ina sheƙar wake surukata ta same ni. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi gaban surukai, tun da aka haife shi ban taɓa jin ta yi maganarsa da ni ba. Ran nan ta durƙusa ta riƙe ƙafata. Ta ce likitan da kansa bai ɓoye musu ba, kafin a zuba sabon ɓargo sai an kashe tsohon da magani mai ƙarfi, kuma akwai yaran da ba sa tsallake wannan. Ta ce ta san mijinta, in sakamako ya ce ya dace babu mai tsayar da shi, gwajin nan shi ne ƙofar, in an buɗe an shiga. Ta taɓa gwada yi masa magana ya ce tsoro ne irin na mata, kunya kuma ta hana ta maimaitawa. Ta ce, “Inna, da ciwon nasa dai ina ganinsa. Ke kaɗai za ki ce a'a a ji. Ki ce Maigida kike ji wa tsoro, kar ki ce ni ce.” Ban san lokacin da na ce mata na ji ba. Ni na san abin da take gudu, sau huɗu na gan shi.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne yaron marar lafiyar da kansa. Da can shi ne mijin wasana kafin a kawo ƙanensa, kullum cewa yake na sake shi na auri ɗan ƙarami saboda ya fi shi iya kiwon akuya. Ranar da za su koma yana zaune a tabarma gindin itacen bedi, sandarsa a gefe, na kai masa fura. Ya ce, “Tsohuwa, kin tsufa har furarki ba gari.” Na ce miji marar cefane bai isa ya kushe fura ba. Ya yi dariya, ya sha, sannan ya dube ni ya rage murya ya ce, “Kaka, ki ara mini mijin naki mana. Kaɗan zan ɗiba, zan maido miki shi.” Ashe duk ya san maganar, ya kuma san ni ake jira. Na ce masa kaza ta shiga ɗaki, na tashi na shige, ban fito ba sai da motarsu ta tafi.

Yanzu ɗana ya aiko cewa da an gama ɗaure hatsi zai zo ya ji bakina. In na ce a'a, shi da yaron za su ɗauka na fi son guda a kan guda, kuma in ciwon ya ɗauke shi kamar yadda ya ɗauki nawa, da wannan zan shiga kabari. In na ce to, na ci amanar wadda ta riƙe ƙafata, in kuma aka tafi da babban bai dawo ba, ni na buɗe ƙofar. In na gaya wa ɗana gaskiya, na san zuciyarsa, aurensu zan taɓa. Na je wurin liman, ya ce neman magani ba saɓo ba ne, in yi ta addu'a, na yi, har yau zuciyata ba ta zauna wuri guda ba. Maigida kuwa ya ishe ni da tambayar yaushe za a kai shi Yamai a mota.

Masu ilimin likita a cikinku, da gaske ne wanda aka ɗibi ɓargonsa yana tashi lafiya? Akwai wanda ya ga yaron da aka yi wa wannan aiki ya dawo da ƙafarsa? Ku iyaye mata kuma, in kai maganar surukata ga mijinta ko in haɗiye ta? Hatsi ya nuna, an fara yanka a gonakin gabas. Yaron nan bai taɓa roƙona komi ba sai wannan aron, ku gaya mini abin da zan ce masa.