Rasuwar Baba Mai Awo na Tanki na Bakwai

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Ma'aikatan Ma'ajiyar Man Fetur ta samu labarin rasuwar ubanta, dattijon arziki, tsohon shugaban sashen awo kuma amintaccen ƙungiya, wanda babba da yaro suka sani da Baba Mai Awo. Allah Ya yi masa cikawa ranar Talata da hantsi, yana da shekara hamsin da tara.

Shekara talatin da ɗaya marigayin ya yi yana hawa matakalar tanki, ya zura igiyar awo, ya duba inda mai ya jiƙa, sannan ya rubuta. Bai taɓa sa hannu a kan abin da bai gani da idonsa ba, kuma wannan halin ne ya ja masa. Ranar da aka aiko masa da takardar awo daga wurin manya an riga an cike ta, ya ƙi sa hannu, sai aka mayar da shi tanki na bakwai, wanda ya daɗe da bushewa. Shekara tara yana hawa kowace safiya, ga ciwon gwiwa, yana rubuta cewa babu komai. Mukan tsokane shi da cewa har tsatsar tankin ta san takunsa, ya yi dariya ya kama matakala.

Ya isa ya ajiye aiki, amma bai ajiye ba, domin kwamitin gyaran harkar mai da aka kafa don farfaɗo da tattalin arzikin ƙasa ba ya karɓar shaida sai daga ma'aikacin da ke bakin aiki, kuma sai ya zo da ƙafarsa. Sau shida ana sa masa rana ana ɗagawa. Littattafansa ashirin da shida, masu nuna man da ya shiga tankuna da wanda ya fita, suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakin uwargidansa. Mun karanta dokar kwamitin gaba da baya, ba mu ga ƙofar da za mu shigar da su ba, kuma abin yana ci mana rai.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, da 'ya'yansa biyar, da jikoki, da ɗaukacin abokan aikinsa. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi.

Muna kuma sanar da jama'a cewa takardar gayyata ta bakwai ta iso jiya, kwana biyu da rufe shi. Babban ɗansa ne ya karɓa. An ce Baba ya hallara ranar Litinin da ƙarfe tara, shi da kansa.

Sa hannu:
Malam Dogo,
Kakakin Ƙungiya.