Ragon Sunanmu Yana Zawo, Kuma Laifina Ne

Assalamu alaikum Anti Barakatu. Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Aurena shekara ɗaya, ina da cikin fari wata takwas. Maigidana yana lodin kaya a Kongolam, sai ranar Alhamis yake dawowa. Tun cikin yana wata uku ya kawo ɗan rago fari, ya ce in kiwata shi don ranar suna. Na shaƙu da ragon nan, har hira nake yi masa in kaɗaici ya dame ni.

Ranar Litinin na jiƙa gero a ƙwarya zan yi kunu, na ajiye a tsakar gida, na ɗauki littafi. Anti, na kai wurin da jarumar take jiran saurayinta a tasha, sai na manta da duniya. Ina ɗagowa na ga ragon ya tsinke igiya ya cinye rabin ƙwaryar. Washegari ya fara zawo, ya daina tuƙa, ya kwanta.

Surukata, Inna, ta ce in dama masa garin ƙwallon kuka. Ni kuwa na raina, na tafi shagon Ndubuisi mai maganin dabbobi, ya ba ni wani gari mai suna fektin, wai daga ɓawon lemo ake ciro shi. Ya ce in kira likita ma, ban kira ba don kada magana ta fito. Na kuma hana ragon ruwa, ina ganin shi ke ƙara zawon. Inna ta ga ledar maganin, tun jiya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Har yau ba wanda ya san zancen geron. A littattafai miji yakan share wa matarsa hawaye ya ce ba komai, amma ina tsoron nawa ba zai ce haka ba. Yaya zan yi?

Mai Jiran Haihuwa, Zango

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, ki ajiye jaridar nan ki kai wa ragon ruwa mai tsabta, kaɗan-kaɗan, akai-akai. Kwanaki yana zawo ba ruwa, ƙishirwa za ta iya kashe shi. Ki janye dusa da hatsi, ki bar masa busasshiyar ciyawa.

Na tambayi wani likitan dabbobi. Ya ce fektin yana taimakawa wajen ɗaure kashi da lallashin hanji, amma ba ya gyara tumbin da hatsi ya lalata. Ya kuma ce ƙwallon kuka cike yake da wannan fektin ɗin. Kin ga ke da Inna abu ɗaya kuke nufi, nata dai ba ya cikin leda. Amma duk biyun ba su isa ba, ragon da ya daina tuƙa likita yake buƙata yau, kuma dole a gaya masa abin da ragon ya ci, in ba haka ba zai yi maganin cutar da babu ita.

Don haka ɓoyon ya ƙare. Ki fara da Inna: ki durƙusa ki ba ta haƙuri, ki faɗa mata gaskiya. Ta daɗe tana kiwo, ta ga irin wannan. Sannan ki kira maigidanki a waya kafin ya dawo. Zai iya yin faɗa, yana da hakki, wata biyar yana sa rai. Faɗan mantuwa yakan wuce da wuri, na ɓoyo shi ne mai daɗewa.

Ban ce ki bar karatu ba, sai dai ki rufe ƙwarya kafin ki buɗe littafi. Allah ya tashi kafaɗar ragon, ya sauke ki lafiya, ya sa a ci naman suna cikin farin ciki.

Anti Barakatu