Na Matso da Tafiyar

Assalamu alaikum Hafsatu,

Ya gida, ya nauyin jiki, ya maigidan naki? Mu nan unguwar Ruwais lafiya lau, alhamdulillahi.

Yayanki ya ce mahaukaciyar guguwa ta doso garinku can Amurka, wai in ɗaga tafiyata zuwa wankan jegonki sai ta wuce. Tunda ya faɗa nake jin ƙarar ambaliyar da ta tafi da babanku cikin motarsa a nan Jidda. Ranar ina bakin taga ina jiransa, abincinsa a rufe.

Ba zan ƙara zaman taga ba. Halas, magana ta ƙare, na matso da tafiyar, jibi zan taso.

Ki gaida maigidan, ku sa ni a addu'a. In guguwar ta zo, ta same mu ɗaki ɗaya.

Mamanki