Shekara Goma Sha Tara Ina Faɗuwar Ƙarya

Anti Shu, ki taimaka mini. Kwana goma sha ɗaya suka rage a yi gasa, kuma na kai matsayin da ko fuskata ba na son gani a madubin mota.

Ni direban bas ne a wani gari kusa da Jiaozuo, a ƙasar Sin. Shekara goma sha tara ke nan ina koyon taici, wasanmu na motsa jiki da kare kai, a hannun malamina. Na durƙusa na miƙa masa shayi, ya rubuta sunana cikin ɗalibansa, daga ranar ya zama uba gare ni. Shi ya gyara mini bayan da kujerar mota ta lalata.

Ga abin kunyar. Kowace safiya a lambun gari muna atisayen turin hannu, mutum biyu su haɗa hannu kowa na neman ture ɗan'uwansa, da Malam ya girgiza kafaɗa ya saki fajin, ƙarfin nan da ake fitarwa farat ɗaya, sai ki ga mutum ya yi baya kamar an harba shi. Anti, ba ƙarfinsa ke jefa mu ba, mu ke tsalle. Pang, babbanmu a cikin ɗalibai, shi ya koya mini tun makon farko. Ya ce, "Ƙane, in tsoho ya tura, ka tafi. So kake ka zubar masa da mutunci a gaban matan da ke rawar motsa jiki a lambun nan?" Na tafi kuwa. Har na ƙware, in baƙi sun zo ni ake kira, don na iya taku uku da baya, in bugi bishiya, in dafe ƙirji. Tir da ni.

Shekara da shekaru gasar gundumarmu ta hana sakin irin wannan ƙarfin a rukunin dattawa. Wanda ya yi a gargaɗe shi, in ya sake a fitar da shi. Malam yakan zagi dokar muna shan miyar barkono, yana cewa, "Sun mai da abin wasan jikoki. Ranar da suka sake mini hannu, a cikin 'yan kallo za a tsinto mutum." Mu kuma baki ɗaya, "Haka ne, Malam." Bana suka sassauta: an yarda, muddin hannu na manne da na abokin karawa, kuma turin ya tsaya tsakanin wuya da ƙugu. Washegari ya je ya sa sunansa. Shekararsa sittin da shida, gwiwarsa ta hagu a kumbure, kuma a rukuninsa akwai wani tsohon ɗan kokawa wanda ba ya tsalle don kowa.

Kin san maganin da Pang ya kawo? Wai mu kai wa ɗan kokawar kwalin taba da kwalbar giya biyu, mu roƙe shi ya faɗi. Sauran ɗaliban suna can suna rigima kan kalar tutar da za mu ɗaga. Na je wurin matar Malam, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ku kuka hura shi, ku za ku sauke shi."

In na faɗa masa, na rushe abin da yake taƙama da shi, ƙila ya goge sunana. In na yi shiru, za a ɗauke shi a gadon asibiti gari na kallo. Ya zan yi?

Mai taku uku da baya

*

Ɗan'uwa,

Ƙyamar da kake ji daidai ce, ba zan lallashe ka ba. Abin da kuka yi ya fara da ladabi, na yarda, kuma babu wanda ya ce ɗalibi ya wurgar da malaminsa a gaban jama'a. Amma tsalle ɗaya don kara daban yake da na shekara goma sha tara. Kun hana mutumin nan sanin inda ƙarfinsa ya tsaya, kuma a wannan sana'a ba a yi wa mutum cutar da ta fi haka.

Batun taba da kwalba, ka ce wa Pang babu hannunka. Ɗan kokawar zai ƙi ya baza labari, ko ya karɓa ya baza labari.

Kada kuma ka je da dogon bayani, magana zai musanta. Ka same shi a gida da safe, ku biyu, a rufe ƙofar tsakar gida, ka roƙe shi ya gwada ka kafin gasa. In ya tura, ka kafe ƙafarka. Kada ka rama, kada ka ba da haƙuri. Ya sake, ka sake tsayawa. Bayan haka ka gaya masa gaskiya a taƙaice, ka fara da laifinka kafin na kowa, ka ambaci gwiwar, ka roƙi ya bari likita ya duba ta. Shiga gasa ko fasawa shawararsa ce. Yana iya fushi, yana iya goge sunan. Ka ɗauka, ya fi ka tura shi fili a makance.

Abu ɗaya kuma ka yi tunani a kai. Aikin malaminka jin nauyin mutum ta fatar hannu ne, shekara arba'in ko fiye. Ina shakkar a ce bai taɓa jin ƙafarka ta bar ƙasa kafin turinsa ya iso ba. Ƙila ba girman kai ne ya kai shi sa suna ba. Ƙila ya duba duk cikinku ya rasa wanda zai tsaya masa, shi ne ya tafi nema wurin baƙo.

Ka riga baƙon. Ina yi wa malaminka fatan lafiya, kai kuma ƙarfin zuciyar tsayawa.

Anti Shu