Farin Safayan Mama Ya Dushe

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan. Mu ma alhamdulillahi. Maigidana ya koma aiki, yara suna makaranta, ƙaramin kuwa har yanzu bai daina cinye fensirinsa ba. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya, sai ka ce in kwantar da hankalina, ka kashe.

Maganar zoben marigayiya Mama ce, wanda ka ce Baba ya rage wa faɗi don babbar 'yarka. Ka san zoben, ka san labarinsa. Baba bai taɓa ɓoye wa kowa cewa ba daimon ba ne, farin safaya ne. Yakan ce dutse ne na gaske, ba gilashi ba, mai tauri, sai dai shi ba ya feso launuka kamar daimon, haskensa fari ne mai sanyi, kuma da ya sha sabulu da man shafawa sai ya dushe. Shi ya sa duk ƙarshen mako yake zare shi daga yatsan Mama ya wanke da ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori, ita kuma tana tsokanarsa wai ya kawo mata dutsen da sai an yi masa wanka kamar jariri. Ka kuma tuna farin garin nan da yake damawa ya shafa wa daimon kafin ya kai zobe wuta, don kada dutsen ya ƙone. Sau nawa ya ja mana kunne a shagonsa na ƙirar zinariya cewa garin da ke kare daimon shi ke cin fuskar safaya idan ya ji zafi? Ko almajiransa na dā sun haddace. Safaya cire shi ake yi a ajiye gefe, sai an gama liƙi a mayar.

Yaya, Baba ya shafa wa dutsen Mama garin, ya kai shi wuta. Na shigo masa da abincin rana na tarar ya riga ya gama, yana juya zoben a ƙarƙashin fitilar tebur yana murmushi. Liƙin ya fita tsaf, ko gurbinsa ba za ka gani ba. Amma dutsen ya koma kamar gilashin da aka gurza da yashi. Da na tambaye shi me ya sa bai cire dutsen ba, sai ya dube ni kamar na yi shirme, ya ce ai daimon ba ya tsoron wuta in an shafa masa gari. Dutsen da shi da kansa ya zaɓa, ya dasa, ya yi ta wankewa tsawon zamansu da Mama! Na fita bayan shago na yi kuka har na gode Allah.

Kullum kana ce mini muddin hannunsa bai manta ba, a bar shi da aikinsa, raba shi da teburin nan kashe shi ne. Na yarda hannun bai manta ba. Shi ne ma abin tsoron, don hannun yana tafiya shi kaɗai ba tare da mai shi ba. Kwanan baya maƙerin da ke maƙwabtaka da shi ya tarar da wutar liƙi tana ci a kan tebur, kusa da tsummoki, Baba yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon titi. Ban gaya maka ba don na san amsar da za ka ba ni. Shi maƙwabcin ya duba zoben, ya ce masu yankan dutse za su iya goge fuskar, sai dai zai ɗan ragu. Wannan bai dame ni ba. Ba zoben ya sa na zauna rubutu ba.

Na rufe shagon, makullin yana jakata. Ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi. Baba ya yi faɗa, ya ce na raina shi, ya ƙi cin abinci ranar, washegari kuma ya manta abin da ya sa yake fushi da ni, fushin kawai ya rage. Zoben na bar masa. Yanzu kowace safiya yana zama a tsakar gida da kofin ruwan ɗumi da buroshi, yana wankewa, yana ɗagawa sama, yana cewa dauɗa ce kawai, saura kaɗan ya fita. Ba ni da zuciyar da zan ce masa wannan ba na wanki ba ne.

Ka gaishe mini da Anti matarka, da babbar 'yarmu mai jiran zobe, ka ba ta haƙuri, da 'yan biyu, da Gwaggo idan ka leƙa ta. Maigidana da yara suna gaishe ku.

Akwai saƙon Baba, na yi masa alkawari zan isar. Jiya na ce masa zan rubuto maka, na faɗi sunanka, na maimaita. Sai ya tambaye ni ko kai ne mutumin da ya kawo gyaran zobe. Ya ce in ba bawan Allahn nan haƙuri, aikin ya ɗan ja lokaci, amma ya zo da kansa ya karɓa, don shi ba ya ba da kayan mutane ta hannun wani. To, na isar. Ka nemi hutu ka zo, Yaya, ko da a matsayin mai zobe ne.

Ƙanwarka,
Auta